“Ba Na Sayarwa Ba Ne”: Dalilin da Ya Sa Masu Babur Ke Riƙe Tsohon Ƙarfensu

A rumfar kanikawan babur, ko a Kano ne ko Katsina ko Zariya ko Maraɗi, akwai wani irin babur da ba a rasa gani. Fentin tankinsa ya koɗe, an sake wa kujerarsa fata ba sau ɗaya ba, madubi guda ya daɗe da tafiya, amma kik ɗaya ake ba shi ya tashi, kuma ƙarar injinsa ba ta da gargada. Mai shi juye kawai ya zo yi, ko a ɗan ja masa sarƙa. Dillalai sun san irin wannan babur, sun kuma san inda maganarsa ke ƙarewa. Su ce, “Alhaji, kawo tsohon nan ka yi ciko, mu ba ka sabo dal a kwali.” Shi kuma ya ce, “Ku bar ni da abina, bai taɓa kwana da ni a hanya ba.” 'Ya'yansa na ganin rowa ce, abokansa na yi masa tsiya da cewa sabo turken wawa. A ganina, cikin duk masu maganar nan shi ne ya fi iya lissafi, kuma lissafin nasa ya cancanci a zauna a bi shi daki-daki, har da wuraren da yake da rauni.

Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a duba matsayin babur a rayuwar mai shi. A Turai da Amurka yawancin masu babur suna da mota a gida. Babur na sha'awa ne, ana fito da shi ranar hutu idan gari ya yi daɗi, don haka sauya shi bayan 'yan shekaru yana cikin nishaɗin. A ƙasar Hausa kuwa babur shi ne jari, shi ne kuma ƙafa. Shi ke kai malamin firamare ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, shi ke ɗauko buhun taki daga kasuwa zuwa gona, shi ke sauke yara uku a makaranta da safe ya dawo ya ɗauki jarkoki, kuma idan naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, shi ake tayarwa. Wanda ya dogara da abin hawa har haka, abu ɗaya yake nema a wurinsa kafin komai: ya tashi idan an tashe shi, ya je, ya dawo. Ƙyallin fenti da fitilar yayi duk suna bayan wannan. Matsalar ita ce ba a gane wannan hali a shagon dillali, sai an hau an sha rana da ruwa tare. Babur ɗin da ya yi damina bakwai bai ba da kunya ba ya riga ya nuna halinsa. Na cikin kwali kuwa har yanzu alkawari ne, kuma a kasuwar da sunayen kamfanoni ke ɓullowa su ɓace cikin 'yan shekaru, alkawarin ba koyaushe yake cika ba.

Masu ƙera baburan da suka yi nasara a ƙasashe irin namu sun daɗe da gane wannan. A 1974 kamfanin Honda na Japan, da ya ga baburansa ba sa jure wa ƙasashe masu tasowa yadda yake so, ya tura ma'aikatansa biyu suka zaga Tailan da Indunusiya da Filifin da Pakistan da wasu ƙasashe, su ga da idonsu yadda ake amfani da babur. Abin da suka tarar ba zai ba mutumin Kano mamaki ba. Miji da mata da yara duk a kan babur ɗaya, ga kaya an labta. Baƙin mai sai ya koma kamar kwalta ba a juye ba, matatar iska ta toshe da ƙura, sarƙa ta saki tana dukan murfi, kuma ba a zuwa wurin bakanike sai babur ya tsaya cik. Da suka koma gida ba su ce a je a koya wa mutane kula da inji ba, sai suka ƙera injin da zai jure wa rashin kulawar. Suka sauko da abin da ke buɗe bawul daga saman inji zuwa ƙasa inda mai ke isa gare shi da sauƙi, suka sa 'yan sanduna suna turawa sama, suka musanya matatar iska ta takarda da ta soso wadda za a wanke a mayar. Wannan shi ne CG125, wanda ya fito a 1975. A idon injiniya fasalinsa koma-baya ne idan aka kwatanta da baburan Honda na lokacin, amma shi ne ya zauna. An fara ƙera shi a Barazil a 1976, kamfanonin ƙasar Sin suka kwaikwayi injinsa ba adadi, kuma har yau ana ƙera shi a Pakistan, inda masu saye ke zolaya cewa sitikar tanki kaɗai ake sauyawa duk shekara, amma suna ci gaba da saye. A Ingila ma ba gajiya ce ta kawar da shi ba, dokar hayaƙi ce ta fitar da shi daga kasuwa wajen 2008.

Labarin yayansa, Super Cub, ya fi wannan tsawo. Ya fito a 1958, da ƙaramin inji, da sarƙa a rufe, da garkuwar roba a gaban ƙafa, ba shi da kulocin hannu don mai kai abinci ya iya tuƙi da hannu ɗaya. A 2017 Honda ta sanar cewa ta ƙera guda miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya kai shi. Duk baburan nan da muke kira roba-roba, waɗanda ma'aikata da ɗalibai da dattawa ke hawa, jikokinsa ne a fasali. Abin lura a nan shi ne, wanda ya bayar da tsohon roba-roba ya karɓo sabo bai sayi wata sabuwar fasaha ba. Fasalin da ya haura shekara 60 ya sake saye, sai dai da sabon fenti, wani lokacin ma da ƙarfe da robar da ba su kai na tsohon kauri ba.

Sai dai ƙarkon babur ba a jikinsa kaɗai yake ba. Rabinsa yana hannun kanikawa da 'yan kayan gyara. Babur ɗin da ya yi shekaru a gari ya tara mutanen da suka san shi. Yaron shago ɗan shekara 15 zai kwance kafiretar Boxer ko Jincheng a kan buhu, ya wanke ta da fetur a gwangwani, ya hura 'yan ƙofofinta da baki, ya mayar, kafin mai babur ya gama sallar la'asar. Maigidansa zai cire filogi ya dubi bakinsa: idan baƙi ne mai toka, fetur ya yi yawa, idan jiƙe yake da mai, ringi ya gaji, idan ruwan ƙasa ne, inji lafiya lau. Ba kwamfuta, ba takarda. Kayan gyara kuwa suna tasowa daga kasuwar Nnewi ta jihar Anambara da shagunan Legas, su bazu har ƙauyen da kasuwarsa ke ci sau ɗaya a mako, ga kuma na hannu a wurare irin su Panteka ta Kaduna. Shi kansa mai babur ya zama rabin bakanike. Ya san ƙarar da ke nufin sarƙa ta saki, ya san yadda ake lallaɓa shi da sanyin hunturu, ya san ranar da aka sauke inji da hannun da ya sauke shi. Duk wannan sani dukiya ce da aka tara da kuɗi da lokaci, kuma ranar da aka yi musaya, a banza take tafiya, domin dillali ba ya biyan ko sisi a kanta. Idan sabon da aka karɓo irin mai injekta ne, ko samfurin da bai yaɗu ba, ƙaramar matsala sai ta ajiye shi makonni ana jiran kaya daga nesa.

Sannan ga maganar kuɗi, wadda 'yan shekarun nan suka tsananta. Kusan duk babur ɗin da ake sayarwa a Najeriya daga Indiya ko Sin yake zuwa, ko dai a haɗe ko a wargaje a haɗa shi a nan, kamar yadda Honda ke yi a Ota ta jihar Ogun tun bayan kafa reshenta a 1979. Ke nan farashinsa a ɗaure yake da dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sabon Boxer ya tsallake naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin fiye da wata 14 bai ci bai sha ba. Wanda ba shi da kuɗin a hannu sai ya karɓa bashi yana biya kullum ko duk mako, kuma kowa ya san kafin a gama biya an ɗora riba mai nauyi, wani lokacin babur ɗin ma ya fara gajiya. Wanda ya riƙe nasa tun kafin faɗuwar naira kuwa, ba a bin sa bashi, kuma abin da ke hannunsa ya ƙara daraja a naira yana zaune. Akwai masu tsohon babur da yau ake taya musu shi fiye da yadda suka saye shi sabo. Suna ƙin sayarwa ne domin sun san kuɗin ba zai sayo musu madadinsa ba.

Ga ɗan acaɓa akwai ƙarin wani haɗari, na hukuma. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, aka hana hawa babur a Maiduguri a 2011, aka hana ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Legas ma ta hana a wasu ƙananan hukumomi a Yunin 2022. Sau da yawa sanarwar kwanaki kaɗan ake bayarwa. Wanda doka ta riska da tsohon babur ɗin da ya riga ya fanshi kansa yana iya komawa ƙauye da shi ko ya ajiye. Wanda ta riska da sabo na bashi, shi ne ke shiga uku. Ɓarayi da masu ƙwace ma ba sa ɓata lokacinsu a kan koɗaɗɗen tanki.

Masu sukar wannan ra'ayi kuwa suna da nasu hujjojin. Abu na farko da za su ce shi ne, wannan duk ado ne ake yi wa talauci: mutane ba amana suke riƙewa ba, kuɗin sabo ne babu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba laifi a faɗe ta. Da yawa da za a ba su sabo kyauta, da gudu za su karɓa. Amma talauci bai isa ya bayyana komai ba. Japan ba matalauciyar ƙasa ba ce, amma ma'aikatan gidan waya da masu raba jarida sun shafe shekaru da dama a kan Super Cub, saboda aikinsu na fita kullum ne, ba na burga ba. A nan gida ma akwai 'yan kasuwa masu mota a gareji da har yanzu suke shiga lungunan birni da tsohuwar Vespa irin wadda ta yi tashe zamanin ƙarin albashin ma'aikata na Udoji a 1975. Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa ita ce, waɗannan mutanen da ake cewa sabo ya ɗaure su sun taɓa sauya babur gaba ɗayansu, ba tare da wani ya tilasta musu ba. Akwai lokacin da in ka ce acaɓa ka ce Jincheng, babur ɗin kamfanin birnin Nanjing da aka ɗauko daga fasalin Suzuki AX100. Yana da gudu da araha, amma injinsa na ƙona mai tare da fetur, ga sha ga hayaƙi. Da Bajaj Boxer ya shigo daga Indiya da injin da ba ya shan fetur sosai, da doguwar kujera mai ɗaukar kaya, sai 'yan acaɓa suka duba abin da ke rage musu a aljihu da yamma bayan sun cire kuɗin mai da balas, suka koma kansa, har Najeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Bajaj a wajen Indiya. Wanda sabo ya ɗaure ba ya yin haka. Sun sauya ne da suka ga riba a fili, kuma suna ƙin sauyawa yanzu ne domin ba su ga irin wannan riba ba.

Abu na biyu ya fi nauyi: tsohon inji yana shan mai, kuma gyara yau gyara gobe yana iya cinye kuɗin sabo ba a sani ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai wajen 1,000 a ƙarshen 2024, don haka kowane cokalin fetur yana da lissafi. Ga mai injin da ke ƙona mai tare da fetur, wanda kuma yake aiki da shi daga safe zuwa dare, wannan hujja ta ci, ya kamata ya sauya idan da hali. Amma ga sauran, yawan shan mai alama ce ta abin da ke gyaruwa: ringi da fistan da suka gaji, kafiretar da ba a saita ba, matatar iska da ta toshe, tayar da ba ta da isasshiyar iska. Ƙaramin inji mai silinda ɗaya ana sauke shi a sake masa waɗannan cikin yini guda, a kan ɗan kaso kaɗan na kuɗin sabo, ya dawo kusa da yadda yake. Inda lissafin ke juyewa shi ne idan ƙashin babur ɗin ya tsage ko ya karkace, ko inji ya buga ya fi sau ɗaya, ko kuma zaman rumfar bakanike ya fara cin ranakun aiki. A nan riƙo ya zama taurin kai, kuma akwai masu yin sa, suna walda a kan walda har ƙarfe ya rabu da su a tsakiyar titi. Amincin babur ne dalilin riƙe shi, idan amincin ya ƙare dalilin ya ƙare.

Abu na uku shi ne rai, kuma ba a wasa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma masu babur na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Sai a ce ai sabon babur ya fi tsaro. A Turai hakan gaskiya ne, domin tun 2016 doka ta wajabta birkin ABS, mai hana taya ƙamewa idan an taka da ƙarfi, a kan sababbin baburan da suka wuce cc 125, Indiya ma ta bi sahu. Amma baburan da ake jibgewa a kasuwanninmu yawancinsu cc 100 zuwa 125 ne, kuma birkinsu irin na da ne, iri ɗaya da na tsohon da ake son a rabu da shi. Mai musaya bai ƙaru da komai ba ta wannan fuska. Abin da ke raba mai rai da gawa a titunanmu shi ne takalmin birkin da bai cinye ba, tayar da ba ta zama sumul ba, fitilar da ke kamawa da dare, rage gudu da lodi, da hular kwano. Kowa na tuna yadda aka yi da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular a Janairun 2009, wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya, amma kawunan da suka fashe daga lokacin zuwa yau ba tsufan babur ne ya fasa su ba. Kuɗin cikon da za a ba dillali ya ishi mutum ya sayi tayoyi masu kyau da birki da hula biyu, har ya yi saura.

Akwai sauyin da ke tafe wanda zai iya zama na gaske, wato babur mai lantarki. Kamfanoni irin su Spiro da Ampersand sun baza dubbai a Benin da Togo da Ruwanda da Kenya, inda ɗan acaɓa ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin mintuna, kuma daga Janairun 2025 Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali. Idan ya iso garuruwanmu da wuraren sauya batir da kanikawa da kayan gyara, kuma kuɗin da ke saura da yamma ya fi na fetur, masu riƙe da tsofaffin nan za su koma kansa kamar yadda suka koma Boxer, ba sai an yi musu wa'azi ba. A garin da wuta ke zuwa awa kaɗan a rana kuwa, ba wanda zai zarge su don sun tsaya su gani tukuna.

Kafin wannan lokaci, babban abin da ke barazana ga mai tsohon babur shi ne jabun kaya. Duk lissafin da aka yi a sama ya tsaya ne a kan cewa idan aka sa sabon ringi zai yi shekaru, idan aka zuba baƙin mai zai kare inji. Yau kuwa ana tace tsohon mai a ɗura a sabuwar roba mai tambarin kamfani, ana sayar da filogin da ba ya wata guda, da takalmin birkin da ke ɓarewa daga ƙarfensa, da tayar da ta daɗe a ajiye har ta bushe. Mai saye ba ya iya bambancewa, wani lokacin bakaniken ma ba ya iyawa, kuma idan inji ya buga sai a ɗora laifin a kan tsufa. Sabon babur ma bai tsira ba, domin daga juyen farko a kasuwa ɗaya yake cin abinci da tsohon. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON da jami'an kwastam suna da dokar kama irin wannan kaya tun daga tashar jiragen ruwa, ƙungiyoyin 'yan kayan gyara da na kanikawa kuma sun san masu shigo da shi da masu ɗura shi. Su fara da abubuwa uku: baƙin mai, birki da taya.